Gyaran Komar Shu'ibu

A shekarun da layin dogo ya fara ratsawa ta Malam Madori, unguwar masunta da ke bakin kogi a Haɗeja ba ta wuce gidajen zana da 'yan ɗakunan ƙasa ba. A kowace ƙofa akan ga gorunan su a kife da komaye a shanye bisa danga, hayaƙin banda kuma yana tashi tun da hantsi, domin fatake sun fara kai busasshen kifi tasha. Idan ruwa ya janye daga fadama, sarkin ruwa kan hana taɓa manyan tafkuna sai ranar da ya sa. Ranar farko ake samun kifi. Wanda ya makara, laka yake tararwa. Masunci kan shiga ne kwance bisa gora, da koma ɗaya a kowane hannu.

A unguwar akwai Yagana, tsohuwa Babarbariya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata sana'ar saƙa koma da gyaranta. Akwai kuma Shu'ibu, Bafillacen da ciwon bushiya ya cinye wa garke ya bar masa saniya ɗaya, har ya koyi su da girmansa. Da kifin rani yake ciyar da iyalinsa kafin hatsi ya nuna. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Dattawan unguwar sun ce an riga an yi shelar su, ranar ta ƙarato, sai ga Shu'ibu a ƙofar Yagana da wani ƙunshi a hammata.

"...Lafiya lau, Jauro sarkin saniya ɗaya. Ina garken? Ka bar shi duka shi kaɗai a gida?"

"Yana gaishe ki. Ya ce ki rage goro, haƙoranki sun fara tsorata yara."

"To zauna daga can, kada iska ta ɗauke ka ta jefa mini cikin tukunya. Me ka ƙunso kamar wanda ya sato kaza?"

Shu'ibu ya warware ƙunshin. Komayensa biyu ne, kowace da ramuka, wani har kan mutum zai shige.

"Ɗan gyara ne. Aikin da ko jikarki za ta yi tana gyangyaɗi."

"Innalillahi! Wannan koma ce ko taga? Me ya same su?"

"Kada ne. Ya shigo mini cikin dama, na juye shi cikin hagu, muka yi ta kokawa har ya ba ni haƙuri."

"Kai ɗin? Kai da bara ka ga kwaɗo ka hau gora kana kiran sunan mahaifiyarka?"

"Ba kwaɗo ba ne, ya ɗan fi kwaɗo."

Yagana ta jawo komar, ta bi bakin ramukan da yatsa, sa'an nan ta kai ta hanci. Ta ajiye, ta sake ɗauka ta shinshina.

"Shu'ibu, kadan nan naka fura yake sha?"

"Ban tambaye shi ba."

"Ni dai man shanu nake ji. Kuma wannan cizon ƙananan haƙora ne. Faɗi gaskiya, me ka yi wa komar nan da aka tashi su bara?"

Shu'ibu ya gyara zaman malafarsa.

"Adana ta na yi. Sanda ana shafa mata mai ta daɗe. Igiya ana shafa mata. Takalmin fata ana shafa masa. Na ce abin da ke ciyar da ni ai ya fi su cancanta. Man da ko yarana ban ba su ba, shi na shafe su da shi, na rataye a rumbu."

"A rumbu! Ka yi wa ɓeraye miya, ka kai musu har ɗaki! Wayyo ni Yagana. Ba ka ga kowa a unguwar nan yana dafa bagaruwa yana jiƙa komarsa ba? Ka zaci mutane rini suke yi don ado?"

"Na zaci talauci ne. Na ce bayin Allah, ba su da shanu."

Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta dafa bango.

"Rage murya, Yagana. In masuntan nan suka ji, jikokina ma ba za su huta ba. Nawa za ki yi mini?"

"Saniyar."

"Saniyar tawa ba ta jin Barbarci. Yunwa za ta kashe ta kafin ku fahimci juna."

"To ɗan da za ta haifa."

"Na riga na yi wa wani alkawarinsa. Amma zan ba ki kukanta na safe, ki riƙa ji daga nan kyauta."

"Ka ga rowar Fulani? Mai ya ishe ku shafa wa zare, amma lada sai kukan saniya."

"Ke kuma kin ga Barebari? Baƙo ya zo tun ɗazu, ko ruwa. Sai dai a shinshina masa kaya."

Ta tura masa ƙwaryar ruwa da ƙafa. Da ya sha, sai ta daina dariya, ta baza komayen a ƙasa tana gwada ramukan da tafin hannu.

"Ji nan, Jauro. Zaren da na kaɗa ba zai ishi biyu ba, kuma ko ya isa, hannuna ba zai kai kafin ranar ba. Ta dama ta fi dama-dama. Ita kaɗai zan iya."

"Da hannu ɗaya zan shiga?"

"Ko ka zauna a gaɓa kana ƙirga na mutane."

Shu'ibu ya dubi komar hagu.

"Yaran nan ba su da wani abu sai wannan, Yagana."

"Na sani. Shi ya sa ban kore ka ba. Amma ina da sharaɗi. Mai saƙa yana maƙala koma a babban yatsansa na ƙafa ya ja ta ta miƙe. Ni gwiwata ta daina yarda. Kai za ka zauna nan, ka miƙo ƙafa, in ɗaura."

"A nan? A ƙofar gida, kowa yana wucewa?"

"A ciki duhu ne, idona ba ya gani."

"Ni da na yi rabin rayuwata ina ɗaure shanu a turke, yau ni ne turken?"

"Kuma turke ba ya magana."

"In aka tambaya me nake yi fa?"

"Zan ce kada ne ya ciji ƙafarka, ina yi maka magani."

A nan Shu'ibu ya fashe da dariya. Ya tuɓe takalminsa, ya zauna a tabarma ya miƙa ƙafa.

"Ɗaura, 'yar Barebari. Yau dai kin ci. Amma ki sani, ƙafar sarauta ce, ki bi ta a hankali."

"Ƙafar sarauta da kaushi haka? Riƙe da kyau, kada ka motsa."

Haka ya wuni a ƙofar, masu wucewa suna yi masa sannu da kiwo. Kashegari ya tsinko bagaruwa ya dafa da kansa, Yagana tana tsaye a kansa. Komar dama ta bushe kafin ranar su, kuma da ita kaɗai ya shiga ruwa. Bai kama kamar na sauran masunta ba, amma abin da ya samu ya riƙe gidansa. Komar hagu ba a gyara ta ba a wannan shekara, ladan aikin kuwa har suka rabu ba su yanke shi ba.