Rasuwar Jajayen Fitilun Zinariya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake mai zuciyar ya ce har yanzu bai ji komai ba, Shu'ibu ɗan marigayi Malam Gambo na Haɗeja yana sanar da rasuwar tagwayen fitilun baya na Zinariya, gingimarin kawunsa Alhaji Abdulwahid.

Marigayan sun yi shekara tara a bakin aiki. Sun raka busasshen kifi tashar jirgin Malam Madori ba adadi, sun ga canjin hannun tuƙi ba su ruɗe ba. Ba su da surutu, iyakarsu ƙyat-ƙyat in za a karya kwana. Su ne kuma Iya, mahaifiyar Shu'ibu, take tsayawa a ƙofar gida tana kallo duk yammacin da ya ɗau hanya, sai sun ɓace sannan ta shiga.

Shu'ibu ya bar makaranta a aji biyar, bai zauna wajen tela ba, bai zauna wajen kafinta ba. Bana kawunsa ya ba shi mukulli a kan gwaji: in ya kai kaka ba ƙwarzane, tuƙin ya zama nasa.

Ciwon ya soma ranar wata Talata ta tsakiyar Agusta, gari ya waye da hadari amma bai zubar ba. Shu'ibu ya dawo daga Kano da gwangwanin baƙin fenti na fesawa, don ya ga wata motar 'yan birni da fitilu masu duhu, ta tsaya masa a rai. A bayan gida ya yi aikin. Ya fesa, bai yi masa ba, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Da ya kunna, ya tsuguna dab da su, ya hango ja can ciki kamar garwashi a toka, ya ce shi ke nan. Bai ja da baya ko taku goma ya duba ba.

Ranar Alhamis da magariba, ana tsuga ruwa, ya tarar fadama ta haye hanya, ya taka birki. Kolo mai kifi yana biye da shi a babur, bai ga komai ba sai da ya daki bayan motar. Fitilar hagu nan take ta cika. Ta dama ta iso gida da ranta, Shu'ibu ya yi ta gogarta da fetur kafin Alhaji ya zo. Fetur ɗin ya cinye ta, ta yi fari, ta tsattsage a hannunsa.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ɗan nan, laifinta kawai haske take yi? Miƙo mukullin.”

Iya ta ce, “Ni dai ranar na tsaya, ban ga tafiyarka ba.”

Sun rasu sun bar fitilun gaba biyu, da ham, da rabin gwangwanin fenti.

Za a binne gutsattsarinsu ranar Asabar bayan la'asar, a gindin tsamiyar bayan gida. Ba salla, ba zaman makoki. Mai niyyar gaisuwa ya wuce asibiti wajen Kolo. Mai neman Shu'ibu kuwa yana gida, ko da yaushe.

Abin da aka rasa: fitila biyu, babur ɗaya, haƙoran Kolo uku, mukulli ɗaya, da tsayuwar Iya a ƙofar gida.