Cutar Masu Zurfin Tunani

Duk ma'aikatar nan babu kamar Mataimakin Darakta, kuma shi da kansa ya sha tabbatar da haka. Ko takardar neman tsintsiya ce sai ta kwana uku a kan teburinsa, shi ya sa ƙananan ma'aikata ke kiransa Sai-Na-Duba. Ga kamun kai. Da hannunsa ya liƙa sanarwa a bango cewa duk wanda aka ji warin giya a bakinsa ya nemi wani aikin. Shi kuwa warin da ke tashi daga nasa bakin bayan ƙarfe biyu, na maganin tari ne. Shekara tara yana jinyar wannan tari, ba wanda ya taɓa jin ya yi shi.

Wata Litinin sakatariyarsa ta kawo fayil, ta ga farin idon oga ya koma ruwan ɗorawa. Ya ce hasken labule ne. Aka canza labule, ido ya ƙi canzawa. Da fitsarinsa ma ya yi duhu, matarsa ta tasa shi gaba sai asibiti.

Can ya ƙi bin layi, ya kuma gargaɗi mai ɗibar jini: "Ka bi a hankali, wannan ba irin wanda ka saba ɗiba ba ne."

Da sakamako ya fito, likita ta duba takardar ta ce bilirubin ɗinsa ya ninka na lafiyayyen mutum sau huɗu. Sai-Na-Duba ya gyara zama, ya dubi matarsa.

"Kin ji ko? Sau huɗu."

"Ba jarrabawa ba ce, yallaɓai," in ji likita. "Wani datti ne da hanta ke tacewa daga jini. Taka ta gaji, shi ya sa ya taru har ya fito maka a ido. Kwalba nawa kake sha a rana?"

Ya miƙe tsaye. Ya yi bayanin muƙaminsa, da kwamitocin da ya jagoranta, da lambar yabon da saura kaɗan a ba shi. Likita ta bari ya gama, sannan ta juya ga matar.

"Rubuta uku," in ji matar tasa. "Ƙarshen mako kuma ba na iya ƙirgawa."

Likita ta ce in ya daina yanzu akwai sauran fata, in kuwa ya ci gaba, wata rana a kwance za a kawo shi. Suka shiga mota. Yana ta leƙa idonsa a madubi, matar na share hawaye da bakin mayafi.

Amma kafin gari ya waye girma ya dawo. Ya tara ma'aikata kaf a ɗakin taro, ya cire baƙin tabarau a hankali.

"Ƙwararru sun gano ina ɗauke da wata cuta mai suna bilirubin. Ba kowa take kamawa ba. Cuta ce ta masu zurfin tunani, waɗanda suka sadaukar da jininsu ga aiki. Ku ba abin da za ku ji tsoro."

Aka yi ta sannu, ana kallon ƙasa. Sai tsohon maigadi, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, ya matso daga bayan ɗaki cike da tausayi.

"Allah ya sawwaƙe, ranka ya daɗe. Ni ma bara ita ta kama ni, idona har ya fi naka. Amma kar ka damu, tana da magani. Tunda na daina zuwa wurin nan da muke haɗuwa bayan tasha, ta sauka."