Gwaggo Ta Rasu a Falon Mijin Ƙanwata

Da baƙin ciki cike da zuciya, da kishi a gefensa wanda ban ga dalilin ɓoyewa ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan zama rasuwar na'urar gem ɗina, wadda aka fi sani da Gwaggo. Na tabbatar da rasuwar a bayan tasi, tsakanin gidan mijin ƙanwata da shagon mai gyara, lokacin da ƙaurin ƙonewa ya ratso tawul ɗin da na naɗe ta a ciki har direba ya sauke gilashi. Abin da ke kan cinyata: ita, hannuwan bugawa biyu, wayar talabijin, faifan ƙwallo, faifan tseren mota, da ɗan baƙin akwatin rage ƙarfin wuta, wanda da an jona shi da ba a rubuta wannan sanarwa ba.

Marigayiya ba 'yar nan ba ce. Na saye ta a ƙasar da na yi karatu, a hannun wani ɗalibi da zai koma gida, ta taya ni zaman ɗaki a watannin da sanyi ke hana fita. Da na gama na dawo da abu biyu: takardar digiri, wadda har yau ba wanda ya nemi ya gani, da Gwaggo, wadda kafin mako ya zagayo layinmu ya san da zuwanta. Wutar can ba irin ta nan ba ce, tamu ta ninka tasu ƙarfi. Shi ya sa ba a jona ta a bango kai tsaye, sai an bi da ita ta wannan ɗan akwatin. Lalurarta ke nan guda ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakina na baya ya san da ita.

Na dawo na tarar ba ni da abokai. Waɗanda na bari sun yi aure, sun ajiye tumbi, in na buɗe baki sai su ce harshena ya karye. Tela ne ya fara zuwa. Shagonsa na jikin bangon ɗakin. Ya ji ihun 'yan kallo yana fitowa ta taga, ya leƙo da almakashi a hannu yana tambayar wane wasa ake nunawa ba shi da labari. Na miƙa masa hannun bugawa. Na ci shi har ya manta da rigar mutane a kan keke. Washegari ya zo da Ticha, Ticha ya zo da Dogo. Daga nan yammacin Asabar ya zama namu, mu huɗu, benci ɗaya, butar shayi ɗaya. Gwaggo ce ta yi min wannan. Ba halina ba ne, na san halina.

Dogo ne ya raɗa mata suna. In aka saka mata faifai sai ta ce "hmmm", ta ce "ƙyat, ƙyat, ƙyat", ta ja dogon nishi kamar tsohuwar da aka tasa daga kan tabarma, sannan ta buɗe. In ta ɗau zafi fankarta ta dinga "fuuu" ke nan har sai an ɗora ta a kan bulo biyu iska ta shiga ta ƙasa. Ba ta taɓa yin wata magana da ta wuce waɗannan ba, sai ranar ƙarshe.

Mai haƙuri ce. Ba ta taɓa neman intanet ba, ba ta taɓa cewa a jira ta sabunta kanta ba alhali mutum ya riga ya zuba shayi. An ɗauke mata wuta a tsakiyar bugun fenariti ba sau ɗaya ba, aka dawo da ita ta tashi kamar ba a yi ba. Ba ta da son kai: ta bar Ticha ya ci ni wata rana a gaban matata. Ta kuma zo mana da doka ba tare da ta sani ba. Ɗaya daga cikin hannuwanta gurgu ne, sandarsa na jan hagu, ɗan wasanka yana tsaye sai ka ga ya nufi layin gefe. Sai muka ce wanda ya ci shi zai zauna, amma gurgun hannu zai riƙe, mai shigowa ya ɗauki mai lafiyar. Da haka kowa ke samun rabonsa, ba mai tashi da fushi. Ba don alfahari ba, mafi yawan shekarun nan da gurgun na yi su.

Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Fuskokin 'yan wasanta kamar an sassaƙa su da sabulu. Ciyawar filinta koren leda ce. 'Yan kallonta mutum uku ne aka yi ta maimaitawa har filin ya cika. Wani lokaci takan daskare ana cikin gudu, sai an kashe an goge faifai da gefen riga.

A ɗakinta na zama Alƙali. Duk faifan da ya shigo, in mun kai ƙarshensa, ni ke ba shi maki cikin goma, da dalili. Na ba wani tseren mota shida saboda mota na dukan bango ta fito ko ƙwarzane babu. Na ba wani wasan takubba huɗu saboda surutunsa ya fi saransa yawa, abin da Ticha bai yafe min ba har yau. Na ba wani wasan faɗa takwas saboda in aka doke ka ka san laifinka ne, ba na na'ura ba. Ban taɓa ba da goma ba. A yi ta gardama har shayi ya huce, amma in na faɗi maki magana ta ƙare, kuma Dogo zai je ya maimaita shi a wani wuri kamar nasa.

Ciwon ajalinta bai fara daga jikinta ba. Ya fara ranar da mijin ƙanwata, wanda ake kira Mai Kemis, ya sayo sabuwar na'ura. Mutumin kirki ne, ba ni da ta cewa a kan yadda yake riƙon ƙanwata. Amma bai taɓa kai wasa ɗaya ƙarshe ba. Yana riƙe hannun bugawa kamar an ba shi jaririn maƙwabta, yana kallon yatsunsa kafin ya danna. Irin wannan mutumin ne Allah ya ba falo mai sanyi, da kujeru masu laushi, da talabijin mai faɗin ƙofar gareji. Dogo ne ya fara ɓacewa, ya ce tayar babur ɗinsa ce ta fashe. Sai Ticha, ya ce yana duba takardun jarrabawa, ana tsakiyar hutu. Tela ya ɗan daure. Sannan wata Asabar na ji kekensa ya yi shiru tun azahar, na zauna ina jiran ya leƙo, sai na ji ƙarar kwaɗon shagonsa da takunsa yana nisa.

Na ci gaba da kunna ta ni kaɗai, ina buga ƙwallo da na'ura. Ina ci, ina ɗaukar gurgun hannu bisa doka, ba mai gani. Matata ta leƙo da tire ta ce, "Yau ma kai da Gwaggo ne?" Ta kwashe kofi uku ta koma da su.

Sai Mai Kemis ya kira ni a waya.

"Yaya, ka zo ka ba ta maki mana. Su Ticha sun ce in ba kai ka faɗa ba, ba a faɗa ba. Ka taho da tsohuwar ma, mu jera su mu ga bambanci."

Na je. Na tafi da ita don su tuna inda suka koyi riƙe hannu.

Na tarar da su a nutse cikin kujeru, Dogo har da ɗora ƙafa a kan tebur. Suka tashi, suka yi ta "Alƙali! Alƙali ya iso!" kamar ni ne na yi tafiya. Mai Kemis ya danƙa min sabon hannu, ya ce in gwada da Dogo. Na ce wa Tela ya haɗa Gwaggo da ƙaramar talabijin da ke gefe kafin mu gama. Tela fa, mutumin da ya jona ta fiye da ni mai ita, wanda yake yi wa baƙi faɗa in sun matso kusa da wayarta.

Zan faɗi abin da na gani, don aikina ne. Ciyawar sabuwar tana da inuwa. Ruwan sama na jiƙa rigar ɗan wasa har ta manne masa. In ƙwallo ta daki ƙarfe hannun na rawa a tafinka. Ba ta nishi, ba ta sa ka jira. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Tela ya durƙusa da waya a hannu, wuyansa a karkace wajen babbar talabijin, saboda an ba ni bugun tazara a bakin da'ira. Ɗan akwatin na cikin jaka, bai ko taɓa shi ba. Ya laluba bango ya jona. Gwaggo ta ce "ɗas". Sau ɗaya, ƙasa da ƙarar ƙashin yatsa. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta. A daidai lokacin ƙwallo ta shiga raga, falo ya ɗauki ihu. Wani zai iya tambayar ina idona yake a lokacin. Ba a yin irin wannan tambaya a gidan rasuwa.

"Kai! Wallahi na sha'afa," in ji Tela. Ya faɗa da gaske. Amma aka maimaita nuna cin, kuma na ga idonsa ya koma.

Ticha ya buɗe taga. Dogo ya ce, "A tsayar ne, ko mu ƙarasa?"

Mai Kemis ya dafa kafaɗata. "Ayya, Yaya. Ai ta yi ƙoƙari, a bar ta ta huta. Nan ma gidanka ne. To, nawa ka ba tawa?"

Na roƙi ƙanwata tawul. Ba wanda ya raka ni bakin titi, don Ticha ya ɗauki hannun da na ajiye, an dawo daga hutun rabin lokaci.

Mai gyara ya kwance murfinta, ya shinshina, ya mayar. Ya ce wutar ta kai ƙwaƙwalwa. Ya nemi in bar masa gangar jikin ya ciri abin da ke da amfani, na ƙi. A cikinta gasarmu take, tun daga ranar farko: ƙungiyoyin da muka ƙirƙira, rigunan da Tela ya zaɓa wa kowa launi, da kofi guda ɗaya da Tela ya taɓa ci a rayuwarsa. Da hannunsa ya ƙona shi.

Ta rasu ta bar hannuwa biyu, mai lafiya da gurgu, waɗanda ba sa shiga jikin kowa sai nata. Ta bar faifai cike da kwali, da bulo biyu, da benci mai lotsawa a inda Dogo ke zama. Ta bar ɗan akwatin rage wuta, lafiyarsa ƙalau, ba aikin yi. Ta bar maza uku da ta yi rainonsu, dukansu suna raye, suna cikin sanyi a falon wani. Ta bar ni.

A madadin iyali ina godiya ga matata, wadda ta yi shekaru tana ƙorafin hayaniyarmu, amma ita kaɗai ta shiga ɗakin ta goge wurin da Gwaggo ke zama. Ina godiya ga ƙanwata, wadda ta ce in riƙe tawul ɗin. Daga bakinta na ji cewa a can hannuwa biyun duk lafiyayyu ne, don haka tun da Dogo ya zauna bai tashi ba, Ticha ya fara zuwa da jarida, mai gidan kuma kallo kawai yake yi a falonsa. Ban ji daɗi ba. Ban kuma ji zafi ba.

An yi jana'iza da safiyar yau, ni da matata. Mun sa ta a kwalinta tare da gurgun hannu, mun ɗora a saman kabad ɗin ɗakin baya. Za a zauna karɓar gaisuwa ranar Asabar da yamma, a kan benci, a lokacin da muka saba. Na san abin da ake yi a wani gida a wannan lokacin, shi ya sa na zaɓe shi. Akwai shayi, babu abin kallo. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya ko ta bakin ɗan aike. Duk wanda zai ce "ai ta tsufa" ko "sai ka sayi sabuwa" ya yi zamansa inda yake. Tela ba sai ya yi dogon bayani ba, ya zo ya zauna kawai. In benci ya cika, za mu san yadda za mu yi da Asabar ɗinmu. In bai cika ba, matata ta daɗe tana neman inda za ta ajiye manyan tukwanenta.

Ga mijin ƙanwata, wanda tun ranar yake aiko min da tambaya ɗaya safe da yamma: na buga taka, kuma na san makinta tun kafin ƙwallon nan ta shiga. Kana da na'urar, kana da falon, kana da mutanena. Na ja ƙofar ɗakin baya na rufe, makullin na aljihuna sai Asabar. Makin kuma ba zan faɗa ba.