Sunan Lauwali a Gefen Talabijin

Malam Sama'ilu Roni shekararsa saba'in da shida. Talatin da ɗaya daga cikinsu a kan tafireta ya yi su, a sakatariyar ƙaramar hukuma, har ya yi ritaya yana shugaban masu buga takardu. Kuskure ɗaya ne ya yarda ya taɓa yi, shi ma ba a ofis ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya buga katin gayyatar auren ɗansa, ya tsallake sunan Lauwali, ɗan ƙanin mahaifinsa da ke Gwiwa. Tun daga ranar Lauwali bai sake tako ƙofar gidan ba.

Bana, kwana uku bayan Babbar Sallah, Lauwali ya aiko cewa zai zo taron zumunci bayan la'asar. Wata biyar Malam Sama'ilu ya yi yana buga salsalar gidansu a tsohuwar kwamfutar tebur ɗinsa, kuma ya ƙudurta a babban talabijin na falo zai nuna ta, kowa ya ga sunansa, Lauwali ya ga nasa. Ya sayo waya a Kazaure, ya jona tun da hantsi. Har aka sallame azahar talabijin bai nuna komai ba sai shuɗin allo. A durƙushe a bayan talabijin jikarsa Ma'u ta same shi. Ita ce ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Kazaure.

"...Lafiya lau, amarya, ya hanya? Tsaya daga nan, kada ki taka mini waya."

"Hanya lafiya, tsoho. Me ka ɓatar a bayan talabijin? Haƙoran ne suka zube?"

"Haƙorana suna nan, jiya ma ƙashin rago na fasa da su. Wa ya kira ki?"

"Babu wanda ya kira ni. Tun daga tasha na ji ana cewa wani dattijo yana kokawa da talabijin tun safe, kuma talabijin ne a sama."

"Ƙarya suke yi. Hutu na ba shi. Ke, lokacin da nake buga takardar gwamnati kwafi biyar a zama ɗaya, uwarki ma ba ta fara rarrafe ba."

"Tafireta ai ba ta da waya, angona. Matsa in gani."

"Ba zan matsa ba. Ki gani daga nan."

Ma'u ta ajiye jakarta, ta leƙa ta saman kafaɗarsa. Akwai kafa biyu iri ɗaya a bayan talabijin ɗin, kuma a ta biyu ya soka wayar. Ta ɗauki rimot, wanda har yanzu yake cikin ledar da ya zo da ita daga kanti, ta danna sau biyu. Shuɗin allon ya ɓace, fuskar kwamfuta ta bayyana.

"Ka shigo ta ƙofa ta biyu, shi kuma talabijin yana zaune yana jiran ka a ta ɗaya. Awa huɗu kuna wannan zaman."

Malam Sama'ilu ya dafa bango ya miƙe, yana kakkaɓe gwiwar wandonsa. "Aikina ne ya nuna. Kin zo daidai lokacin da ya gama ɗumi, kin danna, za ki ci banza."

"To, na ci. Buɗe mana abin da ka hana mutane barci a kansa."

Ya zauna a kujerarsa, ya kama maus, wanda shi ɓera yake ce masa, ya buɗe salsalar. Kakansu Muhammad Sani a sama, 'ya'yansa bakwai a jere daga hagu zuwa dama bisa tsarin haihuwa, kowanne da zuri'arsa a ƙasansa. Mahaifin Malam Sama'ilu shi ne na huɗu, don haka reshensu ya zauna a tsakiyar allo ɓaro-ɓaro. Tsohon ya gyara hula, ya harɗe hannu.

Ma'u ta ƙirga da yatsa. "Tsoho, 'ya'yan Muhammad Sani nawa ne?"

"Bakwai. Ko a makarantar taku ba a koya miki ƙirga ba?"

"Biyar nake gani."

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Gaskiyarta ne. Gefen hagu ya cinye babban wan mahaifinsa. Gefen dama ya cinye autan gidan, mahaifin Lauwali, da Lauwali, da duk mutanen Gwiwa. Shi kansa Muhammad Sani rabin sunansa ne ya rage a sama. Malam Sama'ilu ya dubi agogon bango. Uku saura kwata.

"Na hagu bai bar baya ba, ba mai yi masa magana," in ji Ma'u. "Amma Baba Lauwali da ƙafarsa zai shigo. Sau biyu ke nan, tsoho. Na farko aka ce mantuwa. Wannan me za a ce?"

"Na buga sunansa! Wallahi na buga, da 'ya'yansa tara, har da na goye. Ke kika kore su da danne-dannenki."

"Ni? Ni da na same ka da shuɗin allo?"

"Shuɗin allo ai bai cire kowa ba. Kowa a ciki yake daidai."

"To in mayar maka da shi, ka tara mutane su kalli shuɗi."

"Kul! Wayar ce ta yi siriri. Mutum ɗari da tamanin da uku za su bi ta wannan 'yar igiya? Dole na gefe su faɗi a hanya."

"Ashe motar Gwiwa ce ranar kasuwa. Tashi ka ba ni kujerar."

"Wannan kujera ba ta ɗaukar wanda bai yi aikin gwamnati ba."

"Gwamnati ce ke biya na, tsoho."

"Ta yanzu. Ni ta da nake nufi."

A tsaye ta yi aikin, ta sunkuya ta gefensa. Ta shiga inda ake daidaita girman hoto a kwamfuta, ta rage, ta ƙara, ta mayar. Rubutu ya ƙanƙance, ya kumbura, amma kowane lokaci gefen nan biyu a yanke suke fitowa. Ta zare wayar ta mayar a kafa ta ɗaya. Lauwali bai dawo ba.

"To ga dabara," ta ce. "Mu ɗauko reshen Gwiwa mu sa a tsakiya, naku ya koma gefe. Kai ai ka san sunanka."

"Ki mayar da auta na huɗu? A takardar da ni na buga? Ko Lauwalin ne ya roƙe ni ba zan yi ba. Yadda aka haife su haka za su zauna."

"To ka zauna da biyar."

"Bakwai zan nuna, kuma a wannan talabijin, kuma yau. In kin kasa ki faɗa, in sake ki in auro wadda ta iya."

"Wa zai ba ka? Ni ma haƙuri nake yi da kai saboda ladan."

Tana faɗa tana kallon talabijin ɗin. Ta sake ɗaukar rimot, ta bar kwamfuta ta koma tashar labarai. Wani saurayi yana karanta labaran rana, fuskarsa ta cika allo, goshinsa ya ƙare a bakin gilashi. Rubutun da ke gudu a ƙasa kuwa kawunan haruffa kawai ake gani.

"Kin ga irinsu," in ji Malam Sama'ilu. "Shekara biyu nake faɗa. Samarin yanzu su zauna gaban duniya suna karanta labarai ba hula."

Ma'u ta danna maɓallin girman hoto. Fuskar saurayin ta ja baya. Ga hula a kansa, zanna ce, an kafa ta daidai. Rubutun ƙasa ya fito cikakke.

Dariya ta durƙusar da ita a kan kafet. "Shekara biyu kana cin mutuncin bawan Allah, ashe kai ka cire masa hular! Wa ya danna wannan maɓallin ya kumbura hoto?"

"Yanzu ya sa ta. Ya ji maganata ne."

"Tsoho, wa ya danna?"

"Masu ƙera shi. Haka ya zo."

"Ina nan aka kawo shi, da hula muka fara kallon mutane."

Ya gyara zaman ledar rimot. "Wata rana na danna wani abu, mutane suka ƙara girma, na ga sun fi kyau a haka, na bar su. Laifi ne mutum ya girmama baƙinsa?"

"Ba ka gani ne, ka ƙi faɗa. Ina tabaran da Umma ta kai ka Kano aka yanka maka?"

"Na tsofaffi ne. Idona garau yake. Daga nan ina hango dutsen Kazaure, har da ƙadangaren da ke kai."

Ta mayar da talabijin kan kwamfuta. Salsalar ta fito gaba ɗaya, 'ya'ya bakwai, Muhammad Sani da cikakken suna, mutanen Gwiwa a jere a hannun dama. Malam Sama'ilu ya sauke numfashi, ya ce alhamdulillahi ƙasa-ƙasa don kada ta ji. Sai dai yanzu rubutun ya koma ƙanana. Ma'u ta matsa gefen dama, ta karanta, ta toshe baki da mayafi.

"Mai hango ƙadangare, karanta mini wannan."

"Lauwali ɗan Ashiru. Ni na buga, sai na karanta?"

"Da ka kake faɗa. Karanta abin da ke allo."

"Na ce Lauwali."

"To shi ke nan, bar shi haka. Ya zo da jikokinsa 'yan boko su karanta masa da ƙarfi."

Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar. Malam Sama'ilu ya dubi allon, ya dubi jikarsa, ya ga dariyar nan ba ta banza ba ce. Ya jawo durowar tebur, ya tura hannu can ƙarshe bayan tsofaffin takardu, ya fito da gidan tabarau da ƙura a kansa.

"Ba don idona ba ne. Don kada kuɗin uwarki su tafi a banza."

Ya saka. Ya matso. A ƙarƙashin sunan Ashiru, da baƙaƙe masu kyau, an rubuta Lauwaki.

"Inna lillahi!"

"Awaki, tsoho. Shekara goma sha ɗaya mutum yana fushi, ya haƙura ya taso daga Gwiwa, ka tara dangi ka nuna musu shi a talabijin cikin awaki. Gara ma da gefen ya cinye shi."

"Haruffan biyu maƙwabta ne! A kan tafireta akwai tazara tsakaninsu, wannan abin ne aka matse su kamar..." Bai ƙarasa ba. Dariya ta ƙwace masa, har tabaran ya zamo kan hanci. "Ja'ira. Da kin yi shiru da kin kashe ni a tsaye."

"Ka yarda na fi ka?"

"Na yarda kin fi talabijin. Matsa."

Da yatsa ɗaya ya goge harafin, ya buga daidai, ya karanta sunan a fili sau biyu, sannan ya bi 'ya'yan Lauwali tara ɗaya bayan ɗaya da bakin biro a kan gilashi. Bai sami wani kuskure ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata ƙaramar samira cike da soyayyen naman layya, wadda ko matan gidan ba su san inda yake ɓoye ta ba, ya dangwara mata a cinya.

"Sakin na janye shi. Zauna a kujerar ki riƙe ɓeran nan, kada wani ya taɓa rimot. In kika faɗa wa Lauwali maganar awaki, ki dawo mini da namana."

"Sai dai samirar."

A waje aka ji tsayuwar mota, sai wata murya mai kauri ta yi sallama a zaure. Malam Sama'ilu ya kai hannu zai cire tabaran, ya fasa. Ya tura shi sama da yatsa, ya fita ba takalmi yana amsa sallamar tun daga tsakar gida.