Akuya Ta Ƙoshi

A duk malaman makarantar nan babu na biyun Malam Almakashi wajen koyar da taƙaita labari. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma wa ya fi shi sani? Ka kawo masa littafi mai kaurin bulo, zai datse shi ya dawo kalma uku. Dokarsa ke nan, a aji da a gida. Ko gaisuwa ka ja, sai ya ɗaga yatsu uku a hancinka.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar mataimakin shugaban makaranta. Ranar da jami'ar duba malamai za ta zo kallon darasinsa don a yanke maganar, ya ɗora kwat da wandon da aka wanke jiya, ya tsaya gaban madubi yana gwajin jawabi. Madubin kuwa, bawan Allah, gaba kawai yake nunawa.

Matarsa ta leƙo. "Maigida, ka san akuyar nan ta maƙwabta? To jiya da na yi shanya..."

"Kalma uku!"

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta sake duban ƙasan. "Akuya ta ƙoshi."

Daɗi ya kashe Malam. Ashe wahalarsa a kan matar nan ba ta tafi a banza ba! A hanya ya riƙa jin wani sanyi-sanyi ta baya, ya ce a ransa iskar ɗaukaka ce ta fara kaɗawa.

Jami'a ta zauna a bencin ƙarshe. Malam ya gyara murya.

"Ɗalibai, surutu ciwo ne, ni ne maganinsa. Yau da safe iyalina ta zo mini da labari mai tsawon titi. Ga abin da na mayar da shi."

Ya juya ga allo, ya yi ɗage, ya rubuta AKUYA TA ƘOSHI da manyan baƙaƙe. Nan aji ya ga inda ta ƙoshin. Mazaunin wandon duk ta cinye, sai gajeren wando mai furanni ke gaishe da jama'a.

Hannuwa suka tashi. "Malam, da ka juya..."

"Gabatarwa! A yanke."

"Malam, a bayanka akwai..."

"Bayanin wuri! A zubar."

Dariya ta ɓarke, wasu har da dukan tebur. Malam ya ji tausayin sauran malamai, waɗanda ba a taɓa yi wa darasinsu irin wannan murna ba. Don ƙarin armashi ya sake juyawa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin jimlar, a hankali.

Jami'a ta rufe fuska da gyale. Da kyar ta ce, "Malam, me akuyar ta ci?"

"Madalla, ranki ya daɗe! Irin tarkacen da gwani ke zubarwa ke nan. Abin da ta ci bai shafi kowa ba."

Sai da ya zauna a kujerar ƙarfe ta ofishin shugaba, sanyi ya gaishe shi kai tsaye, sannan ya gane wanda abin ya shafa. Kujerar mataimaki kuma aka ba malamin lissafi.

Ya dawo gida da kwat ɗaure a ƙugu, yana huci.

"Ke! Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ɗaga yatsu uku, tana naɗe su ɗaya bayan ɗaya. "Na gaya maka."