Ranar da Aka Tarbe Ni da Ganga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tahi biko bisa moto, wato babur, ba, don ko na so mantawa mutane ba su bari.

Zamanin mulkin soja ne. Na sai da albasata a Madawa, na sayi tsohuwar moto, irin wadda ake kira ɗari da ashirin da biyar, wadda in ta ga tudu sai na sauka na tura. Wani makanike ya ce in kawo ta. Ya rarake silinda, ya sa babban fistan, ya zare hanjin eshapma (bututun hayaƙi ke nan). Ƙarhi dai ban ga ya daɗu ba. Amma ƙara! In na tada ta, kajin unguwa sai sun watse. Ni kuwa a wautata, ƙara ita ce ƙarhi.

Matata Rabi ta yi haƙurin sati biyu. Ranar da akuyarta ta yi ɓari don tsoro, ta ɗaure kayanta ta koma gun ubanta, maigarin wani ƙauye bayan Tabotaki.

An ce in aika dattijo. Na ce ni za ni da kaina, su ga abin da ɗiyarsu ta baro (kun ji hankali).

Ashe ran nan ake jiran kumandan, sojan da ke mulkin yankin, daga Buza. Tun hantsi gari na tsaye cikin rana. Ni kuma ina tahe tsakanin duwatsu, ƙarar na amsawa kamar motoci ukku. Wani ya yi kuwwa: "Ga su nan!" Makaɗa suka buga, mata suka ɗau guɗa, 'yan lakwal, yaran makaranta, suka hau waƙa, maharbi ya sake bindiga. Surukina ya matso gaba cikin babbar riga, riƙe da ragon da za a ba baƙo.

Sai ga ni. Ni ɗai, da ƙunshin goro ɗaure a baya.

Na so in kashe inji, sai na yi kuskure na ƙara murɗa wuta. Rago ya tsinke ya nufi daji. Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Surukina ya leƙa bayana, ya dube ni.

"Kai ɗai ne?"

"Ni ɗai ne, Baba."

"Duk wagga ƙara?"

Wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Rabi, hito ki tarbi kumandanki!"

Da kumandan na gaskiya ya iso, motarshi ba ta ko tari. Maharbi ba sauran albarushi, mata murya ta dishe, ni kuwa ina can cikin ƙaya ina bin rago da takalmi ɗaya.

Sai bayan la'asar Baba ya kira ni. Na durƙusa, ga rago na kamo.

"Rabi ta ce tana komawa," ya ce. "Amma motar kasuwa za ta shiga. Kai kuma waccan masiha, tura ta za ka yi har ka wuce garaken bayan gari. In na ji ta ko sau ɗaya, na fasa."

Na tura ta cikin rairayi, zuhwa har cikin ido, gari duka na rakiya da dariya. Ran kasuwa Rabi ta dawo, bayan na sa makanike ya maida hanjin inda ya ciro shi.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan na haddace: in haƙuri za ka badawa, kashe inji tun daga nesa.