Turmin Farfesa da Ƙwayar Inna

Duk unguwa an shaida, ba a taɓa yin masanin hanji kamar Farfesa ba. Kwana uku cur ya yi a taron bita na masu sayar da magani, ya dawo da satifiket da farar riga irin ta likitoci, wadda ko a zafin azahar ba ya cirewa. Satifiket ɗin na rataye a kemis ɗinsa, sama da kwalaben maganin tari. Sunan Farfesa kuwa shi ya raɗa wa kansa, don ya hutar da jama'a wahalar nema.

Tsabar tawali'u, har sitika ya buga mai hotonsa, ya dafe haɓa yana kallon nesa. Duk kwalin da zai fita daga shagon sai an manna masa ita. Wanda ya zo sayen maganin ciwon kai kuwa, sai ya sha karatu kafin ya sha magani.

"Magani ba a ƙwaya yake ba, a hanya yake," haka yake cewa, yana zana hanji a bayan kwali. "Mu masana muna kiransa isar da magani. Kai dai ka haɗiya, tunanin ka bar mana."

Mutanen gida ma ba su tsira ba. Mahaifiyarsa, Inna, tana da hawan jini, likita ya rubuta mata wata ƙwaya mai santsi, ɗaya kowace safiya, Farfesa ke kawo mata daga shago. Wata rana ta ja ƙanwarsa Auta gefe, cikin jin nauyi, ta ce ta ga ƙwayar ta fita a bayan gida yadda ta shiga. Auta ta yi kuskuren gaya wa yayanta.

Farfesa ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga. Ranar da ya daɗe yana jira ta zo.

"Kun gani ko! Wata biyu tsohuwa tana haɗiyar tsakuwa. Sun yi ƙwaya, sun manta da hanji."

Washegari ya shigo da ɗan turmin tangaran fari tas da taɓaryarsa. Ya sanar cewa daga yau za a daka ƙwayar Inna, a dama da ruwa, jiki ya zuƙe nan take. Har suna ya sa wa abin: Tsarin Gaggawa na Farfesa.

"Ni dai nas ta ce in haɗiye ta ɗungurungum," in ji Inna.

"Haba Inna! Nas ce za ta koya mini aiki?"

Hankalin Auta ya tashi, don ta san Inna ba ta iya musu da ɗan farinta ya wuce kwana biyu.

Ran Asabar da hantsi ya tara shaidu a falo: tela, direban maƙwabta, da kawunsu da ya shigo gaisuwa kawai aka tsare shi. Ya daka ƙwaya biyu, ya dama a kofi biyu. Shi ma yana da hawan jinin, wanda ya ce ciwon masu zurfin tunani ne.

"Ni zan fara, don masu shakka. In na sha, Inna ta sha."

Ya kafa kai ya shanye, ya lashe leɓe. Da yake ba ya iya yin abu ba jawabi, sai ya ce Inna ta dakata ya yi wa jama'a bayani tukuna. Auta ta sa ƙafa a hankali ta tura kofin Inna ƙarƙashin kujera.

Ya yi minti ashirin yana kan hanji. Gumi ya karyo masa.

"Kun ga alama. Aiki ya kankama."

Ya ɗaga yatsa zai shiga babi na biyu, falon ya juya masa. Ya sulale a jikin bango, farar rigar ta tattare har wuya. Direba ya yi wa ilimi hidima, ya ɗauko mota.

A asibiti, bayan an sa masa ƙarin ruwa ya dawo hayyacinsa, mai ba da magani ta zo da kwalin da Auta ta riƙo. Ta ce ɓawon ƙwayar da gangan aka yi shi da tauri. Akwai ɗan rami a jikinsa, ta nan maganin ke tsattsafowa kaɗan-kaɗan har safiyar gobe. Abin da Inna ta gani kwanso ne, maganin ya riga ya shiga jini.

"Kai kuma ka juye wa jikinka na yini guda a lokaci ɗaya. Da tsohuwar nan ce ta sha, da wata maganar ake yi."

Farfesa ya yi gyaran murya daga kwance.

"Sakaci ne, 'yar'uwa a sana'a. Ya kamata su rubuta gargaɗi a jikin kwali. Zan aika musu takarda mai zafi."

Matar ta sa farce ta ɓamɓare sitikar da ke jikin kwalin, fuskar Farfesa ta naɗe a yatsanta da haɓa da komai. A ƙarƙashi, da jan rubutu manya-manya: A haɗiye ɗungurungum. Kada a daka, kada a tauna.

Inna ta gyara mayafi, ta leƙo daga bakin gado.

"Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Turmin nan, in ka gama bincike, ina da tafarnuwa."